Filin Tambaya da Amsa: Madannin Sarƙar Cikin Injin Babur

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan a kan abu ɗaya suka tsaya, wato ƙaramar sarƙar da ke ɓoye cikin injin babur da kuma abin da ke danne ta don kada ta saki. Yawancin masu tambayar suna hawan irin baburan nan ne masu faɗin sirdi da dogon ƙaho, waɗanda mahayi ke zama a kansu ƙafafunsa a gaba, ana ce musu kuruza. Mun taƙaita wasiƙun, amma kafin amsa akwai ɗan bayani wanda duk amsoshin suka dogara a kansa.

A injin babur mai bugu huɗu, supap ɗin da ke shigar da mai da iska da wanda ke fitar da hayaƙi dole ne su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. Sandar kam ce ke tura su, kuma tana juyawa sau ɗaya duk lokacin da babbar sandar inji, wadda fistin ke murzawa, ta juya sau biyu. A injuna da yawa sarƙa ce ke haɗa sandunan nan biyu. Idan sarƙar ta saki har ta tsallake haƙori ɗaya, inji zai rasa ƙarfi ya riƙa tari. Idan ta tsallake fiye da haka, fistin yana iya cin karo da supap ya lanƙwasa shi. Aikin madanni shi ne ya riƙa tura wani takalmin roba mai tauri a bayan sarƙar, domin ta zauna a miƙe duk da cinyewar da take yi da tafiyar kwanaki.

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Yantala, Yamai:

"Assalamu alaikum, Malam. Na sayi Harley-Davidson Road King na hannu, ƙirar 2003, wanda aka shigo da shi daga Amurka. Agogonsa yana nuna 38,000, injinsa lafiya lau, ba ya hayaƙi, ba ya wata baƙuwar ƙara. Wani abokina ya ce mini injunan wancan zamani suna da ciwon madannin sarƙa, kuma idan ban duba ba wata rana zai tsaya mini a daji. Makanikina kuwa ya saurari injin ya ce tun da ba ya ƙara in bar shi haka. Ina da niyyar zuwa Tawa da shi bayan damina. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Malam, maganar abokinka za ka ɗauka, ko da yake makanikinka bai yi maganar banza ba, domin a yawancin baburan da ya saba taɓawa kunne yana isar mutum ya gane sarƙar da ta saki. Injinka ne ba ya bin wannan ƙa'ida, kuma yanzu za ka ga dalili.

Ka fara da gyara lissafin agogo. Babur ɗin da aka ƙera domin kasuwar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka 38,000 ɗin nan ta kusa kilomita 61,000. Mutane da yawa suna sayen irin waɗannan babura suna ganin ƙaramin adadi su ɗauka sabon jini ne, alhali ya yi tafiya fiye da yadda suke zato da sama da rabi.

Injin da ke jikin baburinka shi ne Twin Cam 88, mai girman sisi 1450, wanda kamfanin ya fito da shi a ƙirar 1999. Wanda ya gada, wato Evolution na 1984, sandar kam ɗaya gare shi, kuma haƙoran ƙarfe ne ke juya ta kai tsaye ba tare da sarƙa ba, shi ya sa ba a taɓa jin wannan ƙorafi a kansa. Twin Cam kuwa sanduna biyu gare shi, suna zaune a wani ƙaramin ɗaki a gefen dama na inji, wani faranti na alminiyom yana riƙe da su. A gaban farantin akwai sarƙa ɗaya da ke ɗauko juyi daga babbar sanda zuwa sandar kam ta baya, a bayan farantin kuma akwai ta biyu da ke haɗa sandunan biyu. Kowace sarƙa da nata madanni. Daga 1999 zuwa 2006 resor mai ƙarfi ne ke tura madannan, kuma turawar ba ta sassauci, ko inji yana tsaye yana aiki a hankali ko yana gudu. Ita kanta sarƙar ba irin ta ƙafar baya ba ce mai ƙananan gare-gare. An haɗa ta ne da siraran faranta na ƙarfe jere da juna, kuma gefunansu ne ke gogar takalmin.

Abin da ke faruwa kamar igiyar guga ne da itacen bakin rijiya: kullum tana bi ta wuri ɗaya, tana sassaƙa rami a hankali. Amma da yake resor yana bin takalmin yana ƙara tura shi duk yadda ya sirance, sarƙar ba ta samun sakin da za ta yi ƙara. Inji zai ci gaba da aiki lami lafiya har ranar da robar ta ƙare ko ta farfashe, ƙarfen madanni ya haɗu da ƙarfen sarƙa. Babbar ɓarnar ma ba a sarƙar take ba. Famfon man inji yana nan daf da bayan farantin, kuma shi ne ke zuƙo man da ya taru a ɗakin kam tun kafin man ya isa filtar. Gutsattsarin roba da garin ƙarfe ta cikinsa za su fara bi, su karce shi, ƙarfin mai ya faɗi, daga nan kuma ɓarnar ta bazu zuwa duk inda mai ke zuwa. Aikin da zai tsaya a kan takalma biyu sai ya koma kwance inji gaba ɗaya.

Ba dukan injunan ne ke lalacewa a lokaci ɗaya ba, kuma wannan shi ya sa ake yawan gardama a kan batun. An sha buɗe waɗanda takalmansu suka ƙare kafin mil 20,000, an kuma buɗe waɗanda suka wuce mil 50,000 da sauran ƙarfinsu. Santsin bayan sarƙa, zafi, irin man da aka riƙa zubawa da yadda mai shi na farko ya riƙe shi duk suna da hannu a ciki. Tun da kai ba ka san tarihinsa ba, ido ne kaɗai zai raba gardama.

Dubawar ba ta buƙatar sauke inji. Akan cire bututun hayaƙi na gaba da matakin ƙafa na dama, sannan a kwance murfin ɗakin kam. Da an ɗaga murfin, madanni na waje yana nan a fili, a janye shi baya kaɗan a dubi fuskar takalmin. Na ciki shi ne mai wahala, domin faranti ya rufe shi. Sai da tocila da ɗan ƙaramin madubi mai doguwar ƙota irin na likitan haƙori ake hango gefensa. Idan ramin da sarƙa ta yi ya kai rabin kaurin takalmin, ko aka ga tsagewa, ko ƴan ramuka kamar an ɓantare, to lokacin canji ya yi. Kada makaniki ya dubi na waje ya ga yana da kyau ya mayar da murfi, domin biyun ba sa cinyewa tare, kuma na cikin ne aka fi mantawa da shi.

Akwai wani gwaji mai sauƙi da za ka iya yi tun kafin nan, a ranar bidanj. Ka karɓi tsohon filtar, a yanka kwanonsa da almakashin kwano, ba da zarto ba, saboda garin zarto zai rikita abin da ake nema. A zaro takardar ciki a baje ta a rana, a buɗe ninkinta ɗaya bayan ɗaya. Takalman asali ruwan lemo ne, kuma idan sun fara farfashewa za ka ga ƴan ɗigo-ɗigo masu wannan launi maƙale a cikin ninkin. Ganinsu hujja ce ta ajiye babur nan take. Rashin ganinsu kuwa bai wanke takalman ba, domin wanda ke sirancewa a hankali gari yake zubarwa wanda ido ba ya kamawa.

Idan an ga sun ci, hanyar da ta fi arha ita ce a sa sababbin madannai irin na da, a ci gaba da dubawa. Wannan ba laifi ba ne, muddin ka yarda cewa ka ɗauki alkawarin sake buɗe murfin. A yanayinmu ni ba zan wuce kilomita 20,000 ban leƙa ba. Sai dai ko wannan aikin yana buƙatar makaniki mai injin matsa ƙarfe, domin a waɗannan shekaru sandunan kam matse suke cikin rulman ɗinsu a jikin faranti, kuma duk wanda ya ɗauko guduma zai ɓata farantin. Tun da an riga an buɗe, ya kamata a canza rulman ɗin ciki na sandunan a lokaci ɗaya.

Hanyar da na fi so ga wanda zai daɗe da babur ɗin ita ce a koma ga tsarin da kamfanin da kansa ya koma. Daga ƙirar Dyna ta 2006, sannan sauran manyan baburansa daga 2007 da injin Twin Cam 96 mai sisi 1584, matsin man inji ne ke tura madanni, sarƙa kuma ta zama mai gare-gare. Turawar ta ragu ƙwarai, cinyewar takalmi ma haka. Ana sayar da faranti mai irin waɗannan madannai haɗe da famfon mai mafi girma, wanda ke shiga tsohon inji. Kamfanin yana da nasa a ƙarƙashin sunan Screamin' Eagle, wasu kamfanoni ma suna yi. Takalmin nan ma roba ne kuma yana ƙarewa, amma yana daɗewa, famfo mafi girma kuwa alheri ne ga injin da iska kaɗai ke sanyaya shi a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Za ka ji wasu suna yabon hanya ta uku, wato a cire sarƙoƙin ɗungurungum a sa haƙoran ƙarfe, irin waɗanda kamfanonin S&S da Andrews ke yi. Gaskiya ne cewa babu sauran takalmin da zai ci. Amma haƙora ba su da haƙurin sarƙa: idan bakin babbar sanda yana lilo yayin juyawa fiye da inci 0.003, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, za su riƙa kuka, su cinye juna, wani lokaci su karye. Ba a gane wannan lilo da ido ko da hannu, sai da agogon awo mai allura da ake ɗorawa a bakin sandar. Idan makanikinka ba shi da wannan agogo, ka bar wannan hanya.

Shawara ta ƙarshe a kan wannan ta shafi kaya. Ba abin da za ka shiga kasuwar Katako ka ɗauko ba ne. Daga waje za a aiko maka, kuma zai ɗauki lokaci. Ka yi odar madannan biyu, juwan ɗin murfi da zobban roba tun kafin a taɓa ƙusa ɗaya, domin injin da aka buɗe aka bari makonni a gareji yana jiran kaya, ƙura za ta yi masa abin da takalmin bai yi ba. Tafiyar Yamai zuwa Tawa ta Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ta haura kilomita 500, kuma ba na jin akwai inda za ka samu famfon man Twin Cam a kan wannan hanya. A duba tukuna. Kuma a lura kada a rikita wannan da babbar sarƙar da ke gefen hagu, wadda ke kai ƙarfin inji ga kuloci. Ita ma tana da nata takalmi, amma ɗakinta daban ne, manta daban, kuma gyara ta bai taɓa matsalar da muke magana a kai ba. Masu Sportster mai injin Evolution kuwa su kwantar da hankalinsu, nasu haƙora ne.

Tambaya daga wani makaniki a Tawa:

"Malam, barka da aiki. An kawo mini Kawasaki Vulcan 1500, ramin buji ɗaya yana cika da man inji. Na canza zoben roba har sau biyu, bai daina ba. Injin kuma yana wata ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano, musamman idan an saki totur. Shekaruna da yawa a wannan sana'a amma ban taɓa ganin mai yana fitowa ta nan ba."

Barka kadai, maigida. Alamomin nan biyu ciwo ɗaya ne, kuma sanannen ciwo ne a wannan inji. Kowace silinda ta Vulcan 1500 buji biyu gare ta, kuma ɗaya daga ciki yana zaune ne cikin wani bututu da ya ratsa ta ramin da sarƙar kam ke bi. Madannin wannan inji yana da sanda mai ƙananan haƙora a jikinta, resor yana tura ta gaba, wani ɗan maƙale kuma yana hana ta komawa. Duk lokacin da sarƙa ta ƙara tsawo sai sandar ta ƙara fitowa haƙori ɗaya, har ranar da ta kai ƙarshenta. Daga nan babu sauran abin turawa, sarƙa ta fara lilo tana dukan bututun buji, tana sassaƙarsa har ta huda shi. Man da kake gani ta wannan huda yake shiga, shi ya sa zoben roba bai yi magani ba.

Ka kwance bututun ka juya shi a hannunka. Idan ka ga layuka masu ƙyalli a gefen da ke kallon sarƙa, magana ta ƙare. Ka duba na ɗaya silindar ma, domin sarƙoƙin biyu shekarunsu ɗaya. Sannan ka cire hular madanni da resor ɗinsa tukuna, ka kwance jikinsa a hankali ka ga iya fitowar sandar. Idan haƙori ɗaya ko biyu suka rage, ko babu ko ɗaya, ya gama aikinsa.

Abin lura a nan shi ne madannin bai lalace ba, sarƙar ce ta tsufa. Mukan ce sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya talewa. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta da ramukan da suke ciki su ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta ba da ɗan sarari kaɗan, idan aka tara su duka sai tsawo ya bayyana. Saboda haka sabon madanni irin na da ba zai canza komai ba. Masu wannan babur a ƙasashen waje sukan ƙara wa bakin sandar wata ƴar hula ta ƙarfe domin ta ƙara tsawo, kuma dabarar tana aiki, tana sayen lokaci mai ɗan yawa. Duk mai injin tono ƙarfe da ya iya aikinsa zai iya yin ta, muddin ta zauna daram ba za ta faɗa cikin inji ba. Amma ka gaya wa mai babur gaskiya cewa jinkiri ne aka saya, gyaran asali kuwa sababbin sarƙoƙi ne da takalmansu, wanda sai an sauke inji daga jikin babur. Kuma ko wace hanya aka bi, a canza bututun da ya huje, a zubar da man, a sa sabon filtar, domin abin da sarƙa ta sassaƙe daga bututun yana nan yana yawo a cikin mai.

Tun da irin waɗannan babura suna zuwa garejinka, ka riƙe wannan ma. Suzuki LS650 Savage, wanda aka koma kira Boulevard S40 daga 2005, mai silinda ɗaya da sisi 652, yana da ciwo ɗan'uwan wannan amma mafi muni. Madanninsa yana cikin murfin kuloci na dama, kuma idan sandarsa ta fito da yawa tana iya zarewa gaba ɗaya, ita da resor su faɗa tsakanin haƙoran da ke juyawa a wurin. Masu shi sun daɗe suna ɗaukar milimita 18 a matsayin iyakar fitowar sandar. Duk wanda ya shigo hannunka, ka buɗe murfin ka auna.

Tambaya daga wani mai karatu a Bukoki, Yamai:

"Malam, an ce mini idan na zuba mai mai kauri sosai ƙarar sarƙa za ta tafi. Gaskiya ne?"

Ƙarar tana iya raguwa, Malam, amma sakin sarƙar yana nan yadda yake. Ka dai toshe bakin mai ba ka labari. Kaurin mai littafin babur ne ke faɗarsa gwargwadon zafin gari. Manyan injunan Harley-Davidson da 20W-50 aka fi tafiyar da su, kuma littafinsu ya yarda da SAE 60 idan zafi ya wuce digiri 27, abin da yake kusan kullum a wurinmu in ban da sanyin hunturu. Baburan Japan da ire-irensu, waɗanda kulocinsu ke wanka cikin man inji, suna son mai mai alamar JASO MA a jikin galan. Inda madanni ke aiki da matsin mai, mai mai kauri fiye da ƙima yana jinkirin isa gare shi da sassafe, wanda ya tsinke saboda tsufa kuma ba ya riƙe matsi idan inji ya yi zafi a cunkoso. Abin da ya fi kauri muhimmanci ga sarƙa shi ne tsabta. Ƙurar da ta wuce filtar iska ta shiga mai ita ce ke cin ƙusoshin sarƙa, saboda haka a rage tazarar bidanj ƙasa da abin da littafi ya ce, musamman a watannin ƙura, a kuma guji man da ake aunawa a kwalba wanda ba a san daga wace ganga ya fito ba.

Tambaya daga wani ɗan kabu-kabu a Tawa:

"Malam, ni ƙaramin babur gare ni, 125 mai siffar manyan nan, da shi nake neman abinci. Da safe idan na tayar da shi yana ƙara kacau-kacau, idan ya yi zafi sai ta ragu. An ce a cire madannin a sa dogon ƙusa da noti, a ɗaure da hannu, wai ya fi ƙarko. In yarda?"

Ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Ka fara tabbatar da irin injinka, domin ƙananan baburan da ke kasuwarmu siffarsu ta waje ba ta nuna abin da ke ciki. Da yawansu an kwaikwayi injin Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975, kuma shi ba shi da sarƙar kam sam. Haƙora ne ke juya kam ɗinsa a ƙasa, dogayen sanduna kuma suna tura supap. Idan irinsa gare ka, ƙararka daga wani wuri take, mai yiwuwa sararin supap ne ya buɗe. Waɗanda aka kwaikwaya daga Suzuki GN125 da ire-irensa kuwa suna da sarƙa, kuma za ka ga madannin a bayan silinda, ƙarƙashin kafireto, ƙusoshi biyu suna riƙe da shi. Don raba ƙarar biyu, ka ɗora bakin dogon sukudireba a jikin silinda ta gefen da sarƙa ke bi, ka sa ƙotar a kunnenka, sannan ka mayar da shi kan murfin sama. Ƙarar supap tana zuwa ɗaya-ɗaya a tsare, tana bin gudun inji, ta sarƙa kuwa a cakuɗe take, tana ƙaruwa idan inji yana aiki a hankali ko lokacin da ka saki totur.

Game da ƙusa da noti, ba zan ce haram ba ne, domin akwai injunan da masana'anta ta yi su da madannin hannu, kuma masu Kawasaki Vulcan 750 da yawa sun koma gare shi saboda resor ɗin nasu yana saurin sanyi. Amma a hannun wanda bai ƙware ba ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Mai ɗaurewa yakan ci gaba da murɗawa har sai ƙara ta ɗauke ɗif, alhali a wannan lokacin ya riga ya wuce gona da iri. Sarƙar da aka matse fiye da ƙima tana janyo sandar kam ƙasa, tana cin mazauninta da ke cikin kan silinda, tana ƙona takalmi, ita kanta kuma ta ƙara saurin tsufa. Alamarta wani siririn kuka ne da ke tashi da totur. Ga kuma cewa ƙusa ba ta bin sarƙa da kanta, sai ka riƙa tunawa kana komawa gareji, mai kabu-kabu kuwa da ke fita tun asuba ba kasafai yake samun wannan sarari ba. Madanni na asali na irin wannan babur ana samunsa a shagunan kayan babur, kuma kuɗinsa bai kai na kan silinda ko kusa ba.

Saboda haka a cire naka a gwada shi a hannu. Sandarsa ta fita sumul ba tare da cijewa ba, kuma idan ka tura ta da babban yatsa ta ƙi komawa. Idan ta koma, ko tana cijewa, a sa sabo. Idan kuwa lafiyarsa lau amma ya fito har ƙarshe, sarƙa ce ta ƙare, sai a canza ta tare da takalman biyu, a kuma dubi haƙoran da take hawa.

Ka tsaya a kan makaniki lokacin aikin, domin a nan ake yawan ɓata lafiyayyen inji. Kafin a cire madanni a juya inji har alamar T, wadda ke kan ƙarfen da ke juyawa tare da babbar sanda, ta zo daidai da tsagar da ke jikin murfi, fistin yana sama, supap biyu a rufe, kuma kada kowa ya taka kik ko ya danna sitata muddin madanni yana waje. Kada a sassauta ƙusoshinsa rabi sannan a sake ɗaure su, domin da zarar jikinsa ya ja baya sandar ta riga ta ƙara fitowa, mayar da shi haka kuwa zai matse sarƙa matsi mai tsanani. Duk lokacin da aka taɓa shi sai an cire shi gaba ɗaya, a mayar da sandar ciki, a ɗaura, sannan a sake ta. Bayan an gama, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a ji babu inda ya cije, a sake duba cewa alamar T da alamar da ke kan haƙoran kam sun dawo daidai, sannan a tayar.